Filin Tambayoyinku: Jifan Mutanen Da da Jifan 'Yan Yau

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba Malam. Ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, ya iyali, ya damina? Ni ɗanka ne daga wani ƙauye a ƙasar Kafin Hausa, ina da 'yar rumfar cajin waya a bakin kasuwarmu. Kwanakin baya na fara kallon wasan nan na Amurkawa da suke kira besbol, wanda ɗaya ke jefa ƙwallo ɗaya kuma ya tare ta da kulki. Duk jifan da aka yi sai lamba ta fito a gefen allo, 97, 99, wani sa'in har 101. Da na nuna wa Kawuna, wanda tsohon direban babbar mota ne, sai ya ce wannan wasan yara ne, mutanen da sun fi su ƙarfin hannu, domin ya taɓa ganin wani tsohon hoto mai motsi inda aka jefa ƙwallo ta tsere wa babur. Ya ce 'yan yau cimar gwangwani suke ci, ba za su kamo ƙafar na da ba. Ni kuma na ce duk wasan da aka duba 'yan yau sun fi. Kullum bayan la'asar sai an tayar da maganar a rumfata, har mutane sun rabu gida biyu. Don Allah Baba ka raba mana gardama. Sannan in akwai dabarar da za mu auna namu jifan a nan ƙauye, a taimaka mana da ita. Na gode, Allah ya ƙara girma.

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Muna lafiya, damina kuma sai godiya, gero ya fara fitar da kai a wajenmu. Ka gaishe min da Kawu da kyau, ka faɗa masa hoton da ya gani ba siddabaru ba ne, an yi haka, kuma zan zo kansa.

Wasiƙarka ta mayar da ni baya sama da shekara 50. Ina kwalejin horar da malamai a ƙarshen shekarun 1960 aka kawo mana wani malami Ba'amurke, cikin samarin nan masu aikin sa-kai da ake turowa makarantu a lokacin. Lissafi yake koyarwa, amma a akwatinsa akwai ƙwallo biyu, kulki ɗaya da safar hannu ta fata guda uku. Da yamma sai ya tara mu a bayan ɗakin cin abinci ya riƙa nuna mana. Ƙwallon ba ta wuce girman lemon zaƙi ba, nauyinta wajen giram 145, amma tauri gare ta kamar goruba. Ranar da ya fara jefo min ita da gaske, duk da safar, tafin hannuna kwana biyu yana zugi. Shi kuwa ce mana ya yi a garinsu ko ƙungiyar makaranta bai samu shiga ba. Tun ranar wasan ya shiga raina. Na yi shekara 35 ina koyar da wasannin motsa jiki a makarantun karkara, kuma duk abin da na samu a rubuce game da besbol sai na karanta shi.

Bari in share fage saboda waɗanda ba su taɓa gani ba. Mai jifa yana tsayawa a kan wani ɗan tudu, tsakaninsa da wurin mai kulki ƙafa 60 da inci 6, wato mita 18 da kusan rabi. Wasa zagaye 9 ne. Lambar da kake gani a gefen allo mil ce a awa guda. Mil 100 kilomita 161 ke nan, kuma Kawu ya fi ni sanin abin da wannan ke nufi a kan kwalta. Da irin wannan gudu ƙwallon ba ta cika rabin sakan a hanya.

Kowannenku yana riƙe da yankin gaskiya, amma naka yankin ya fi girma. In ana maganar gama-garin masu jifa, 'yan yau sun fi, nesa ba kusa ba. In kuwa ana maganar zaratan da ake ƙirgawa da yatsun hannu, to a cikin mutanen da akwai waɗanda jifansu ya kai na kowa a yau. Rimin da da rimin yau kusan tsayinsu ɗaya. Sai dai na da a tsakiyar sabara da kargo yake tsaye, ana hango shi tun daga nesa, na yau kuwa cikin 'yan'uwansa rimaye yake.

Amma sai an fara warware maganar mudu. Duk wanda ya taɓa sayen gero a Gujungu ya kai Kano ya san ba a kwatanta farashi sai an tambayi da wane kwano aka auna. Ƙwallo tana barin hannu take fara sanyi, saboda iska na tare ta. Kafin ta isa wurin mai kulki ta zubar da kamar mil 8 zuwa 10. Na'urorin yau suna ɗaukar gudunta ne a daidai lokacin da ta rabu da yatsu, tana kan ganiyarta. Na'urorin da kuwa sai ta yi nisa suke kama ta, wasu ma sai a ƙarshen tafiya. Saboda haka duk lambar da ka ga an rubuta wa mutumin da, ka sani an tauye masa mudu, ba da mugunta ba, iyakar abin da kayan aikin lokacin suka iya ke nan.

Wanda ake fara kafa hujja da shi shi ne Walter Johnson, ɗan manoma daga jihar Kansas, wanda ya yi wa ƙungiyar birnin Washinton wasa daga 1907 zuwa 1927, ya ci wasa 417. Dogayen hannaye gare shi, daga gefe yake sako ƙwallo ba ta saman kai ba, kuma masu kulki na zamaninsa tsoronsa suke ji ƙwarai. A 1912 masu wata mujallar wasanni suka ɗauke shi zuwa masana'antar bindigogi ta Remington a garin Bridgeport, inda ake da na'urar auna gudun harsashi. Ƙwallon za ta ratsa wata 'yar taga da aka giggitta wa siraran wayoyi, ta je ta bugi faifan ƙarfe, agogo ya ƙirga lokacin da ta ɗauka a tsakani. Da kayansa na fita unguwa ya yi jifan, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa babu tudu, ga neman saiti kada ya kuskure tagar. Aka samu ƙafa 122 a sakan ɗaya, wato mil 83 a awa. Yau a Amurka ɗan sakandare mai hannu yana wuce haka. Masana da suka zo daga baya suka mayar masa da abin da iska ta ci, lissafinsu ya tsaya wajen mil 93 zuwa 94. Ka riƙe wannan lamba, za mu dawo mata.

Wanda Kawu ya gani shi ne Bob Feller na ƙungiyar Cleveland. Shi ma ɗan ƙauye ne, daga jihar Iowa, mahaifinsa ya share masa filin wasa a cikin gonarsu, yana ɗan shekara 17 ya shiga babbar gasar besbol ta Amurka a 1936. A 1940 aka rufe wani titi a wani wurin shan iska a Shikago, aka kafa allon takarda biyu, ɗaya na ƙwallo ɗaya na babur. Ɗan sanda ya taho a guje yana tafiyar mil 86, sai da ya gifta Feller da 'yan taku kafin ƙwallon ta bar hannunsa, amma ta riga babur ɗin huda takardarta. Lissafin da aka yi ya ba da mil 104. Abin kallo ne mai daɗi, sai dai ba awon da za a rantse a kansa ba ne. Wanda ya fi shi ƙwari shi ne na 1946 a filin wasa na Washinton, da na'urar da sojoji ke auna gudun harsashin igwa. An ajiye ta a daidai wurin da mai kulki ke tsayawa, wato inda ƙwallon ta gama gajiya, ta nuna mil 98.6. In aka cika mudu ya haura 100 sosai, wasu sun kai lissafin har 107. Kuma ya yi wannan ne bayan ya shafe kusan shekara huɗu a sojan ruwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Sai Nolan Ryan. A 1974 injiniyoyin kamfanin Rockwell suka auna shi a cikin wasa, kamar ƙafa 10 kafin wurin mai kulki, aka samu mil 100.9. Masu sake lissafi sun kai shi wajen 108. Ni waɗannan lambobi na 107 da 108 da taka-tsantsan nake riƙe su, domin ɗan kuskure a tsohuwar na'ura, in aka ɗora lissafi a kansa, girma yake yi. Amma ko ka zaftare mil uku ko huɗu, Feller da Ryan suna nan kafaɗa da kafaɗa da Aroldis Chapman, ɗan ƙasar Kyuba, wanda ya jefa mil 105.8 a watan Satumba na 2010, aka kuma shafe sama da shekara 10 ba wanda ya wuce shi. Wannan shi ne yankin Kawu, kuma ba ƙarami ba ne.

To ga naka. Tun 2008 akwai kyamarori a duk filayen babbar gasar, ana auna kowane jifa. A waccan shekarar matsakaicin gudun miƙaƙƙen jifa wajen mil 92 ne, yanzu ya haura 94. Mil biyu kamar ba komai ba, amma cikin shekara 15 kacal aka samu wannan ƙari, kuma matsakaici ne na ɗaruruwan mutane. Jifan da ya kai mil 100 a 2008 'yan ɗaruruwa ne a duk kakar wasa, yanzu yana haura 3,000. Dawo da lambar Johnson. Mutumin da duk zamaninsa ke rawar jiki a gabansa, a awon da aka yi masa, daidai yake da tsaka-tsakin ɗan wasan yau. Na yarda a kan tudu, cikin zafin wasa, zai ƙara wani abu a kai. Amma in shi ne rimi a lokacin, kai ma ka auna inda sauran suke.

In aka ƙara komawa baya ma kwatancen ba ya yiwuwa, domin wasan ne daban. A farkon lamari daga ƙasa ake sako ƙwallo, kamar yadda ake cilla wa magini tubali yana kan katanga. Sai a 1884 aka bar mai jifa ya ɗaga hannu sama da kafaɗa, sai kuma a 1887 aka soke ikon da mai kulki ke da shi na cewa sama yake so a jefo masa ko ƙasa. Tazarar ma gajera ce, ƙafa 45, aka mai da ita 50, sai a 1893 aka kafa wadda ake kai yau. Abin da aka jefo maka daga kusa ko ba shi da gudu sosai kamar walƙiya za ka gan shi.

Abin da ya fi muhimmanci a wurina, wanda kuma ban ji ɗayanku ya ambata ba, shi ne aikin ba iri ɗaya ba ne. Ina ɗan shekara 11 mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya fara tura ni tsaron dawa a gonarmu ta bakin fadama. Duk ɗan ƙasar Haɗejiya ya san jan-baki, in suka taso kamar hadari suke. Ranar farko na tara hoge cike da kwando, duk tsuntsun da ya sauka sai na ɗaga hannu na sake masa iya ƙarfina. Kafin hantsi ya dubi ludayi kafaɗata ta mutu murus. Da rana ta yi sanyi gayyar ta sauko, ina ji ina gani suka yi ta ci, hogen da nake jefawa ko rabin gona ba ya kaiwa. Da daddare mahaifina bai yi min faɗa ba. Ya sa aka gasa min kafaɗar da ruwan ɗumi, sannan ya ce, “Wuni aka tura ka, ba hantsi ba. 'Yan tsirarun nan ihu da jan igiyar gwangwani sun ishe su. Hannunka kuwa ka adana shi sai gayyar ta zo.”

Shekaru da yawa bayan haka na tarar wannan ita ce shawarar da Christy Mathewson, gwarzon ƙungiyar New York wanda ya ci wasa 373, ya bayar a littafin da ya fitar a 1912, cewa kada mai jifa ya zuba ƙarfinsa a kan kowane mai kulki, ya ajiye shi sai an shiga matsi. Dole ce ta sa. A 1884 Charles Radbourn na ƙungiyar Providence ya fara wasa 73, ya kuma gama dukansu da hannunsa, zagaye sama da 670 a shekara guda. An ruwaito cewa akwai safiyar da ba ya iya ɗaga hannu ya taje kansa. Cy Young ya fara ya gama wasa 749 a rayuwarsa, ya ci 511. Johnson ɗin nan, a Satumbar 1908, wasa uku ya yi cikin kwana huɗu bai bari an ci shi ko maki ɗaya ba. A 2023 kuwa, in aka haɗa duk ƙungiyoyi 30, wasannin da mutum ɗaya ya fara ya gama ba su kai 40 ba. Ka sake karanta waɗannan lambobi. Radbourn shi kaɗai ya ninka abin da ɗaruruwan 'yan yau suka yi gaba ɗayansu. Mutumin da ke da wannan jan aiki a gabansa ba zai yi kowane jifa kamar shi ne na ƙarshe ba.

Wasan lokacin kuma ya ba su damar lallaɓawa. Ƙwallo ɗaya ake ta bugawa har ta yi baƙi ta yi laushi, masu jifa na shafa mata yawu da ruwan taba, ko an doke ta ba ta yin nisa. A 1914, a ɗaya daga rukunoni biyu na babbar gasar, wanda ya fi kowa doke ƙwallo ta haura katangar fili sau 9 ya yi a duk shekarar. A 2022 Aaron Judge sau 62 ya yi. Abin ya fara juyawa ne a 1920, shekarar da aka hana shafa yawu, ƙwallo kuma ta samu wani ɗan wasan Cleveland mai suna Ray Chapman a ka ya rasu, aka koma canja ta da zarar ta yi dauɗa. Yau duk wanda ya tsaya da kulki, ko na ƙarshe ne a layi, yana iya fitar da ita waje in ka yi masa sako-sako. Babu sauran tsuntsun da ihu zai kora.

Sai aka canja tsarin aikin. Wanda ya fara wasa yanzu da wuya ya wuce zagaye 5 ko 6, jifansa na dosar 100 za a cire shi. Daga nan a riƙa sako wasu ɗaya bayan ɗaya, kowa zagaye guda, jifa 15 ko 20 ya koma ya zauna. Chapman na Kyuba cikin irin waɗannan yake. Aikin gayya ne, kowa kunya ɗaya aka yanka masa, don haka yana iya zuba duk abin da Allah ya ba shi. Su Young kuwa gonar sukutum aka bar musu, daga shuka har girbi.

Akwai wani wuri da ke min ciwo duk lokacin da na zo kansa. Har zuwa 1947, da Jackie Robinson ya shiga, baƙar fata ba ya wasa a babbar gasar. Suna da tasu gasar daban, kuma a cikinta akwai masu jifa irin su Satchel Paige da Smokey Joe Williams, waɗanda Turawan da suka kara da su a wasannin sada zumunta suka shaide su. Paige sai da ya kai shekara 42 aka buɗe masa ƙofa, a 1948. Shekarun ƙuruciyarsa, lokacin da hannun ke kan ganiya, sun wuce babu wanda ya ɗauke shi zuwa wata masana'antar bindiga. Kamar Shago ne a wurinmu, babu awon dukansa, sai bakin waɗanda suka gani. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa gama-garin yau suka fi: a da galibi daga cikin Turawan Amurka ake tsinto gwanaye, yau ana tsinto su har daga Jamhuriyar Dominika da Benezuwela da Kyuba da Japan da Koriya ta Kudu. Wanda ya zaɓi ingarma a cikin dawaki dubu ba daidai yake da wanda ya zaɓa a cikin ɗari ba.

Maganar cima kuwa, kada ka yi saurin watsar da ita. Feller da bakinsa ya danganta ƙarfin hannunsa da tatsar shanu da ɗibar masara da ɗaukar ciyawa a gonar mahaifinsa, Cy Young kuma da faskaren itace yake shirya wa kakar wasa. Aikin gona yana gina jiki mai jure wahala, wannan ni shaida ne, yaran da na koyar waɗanda suka taso da fartanya ba sa saurin karaya a fili. Amma juriya daban, gudun jifa daban. Jifa daga ƙafa yake tasowa, ya bi ta ƙugu, ya hau gadon baya, hannu shi ne na ƙarshe, kamar bakin bulala. 'Yan yau suna da kyamarorin da ke rarrabe musu kowace gaɓa, suna atisaye da ƙwallaye masu nauyi daban-daban, akwai mai kula da abincinsu da barcinsu, kuma shekara sukutum wannan ne aikinsu. Da yawa daga cikin na da in kaka ta ƙare wata sana'ar suke komawa don su ci abinci. Jikin ma ya ƙaru, mafi yawan masu jifa yanzu sun haura ƙafa 6.

To me ya hana a kai mil 115 ko 120, tunda an samu duk wannan? Wata 'yar jijiya ce a cikin gwiwar hannu, wadda ke riƙe ƙasusuwan biyu kada su buɗe. Masu bincike irin su Glenn Fleisig a jihar Alabama sun nuna cewa nauyin da jifa mai tsanani ke ɗora mata yana daf da abin da zai tsinka ta. Tsoka tana ƙaruwa da atisaye, wannan jijiya kuwa ba ta bin ta a haka. Shi ya sa na ce rimayen tsayinsu ɗaya, halittar Feller da ta Chapman ba ta bambanta ba. A 1974 likita Frank Jobe ya yi wa wani mai jifa, Tommy John, aikin da ba a taɓa yi ba, ya ɗebo jijiya daga ɗaya hannun ya maye gurbin wadda ta tsinke, mutumin ya dawo ya yi wasa har 1989. Yau kusan ɗaya cikin uku na masu jifa a babbar gasar an yi musu wannan aiki, har da yara 'yan sakandare ana kwantar da su. A matsayina na malami wannan ba ya min daɗi ko kaɗan. Yaro ɗan shekara 16 da ake nuna wa lamba a allo kullum ana ce masa ƙara, irin kuskurena na ranar farko a gona ake koya masa, sai dai shi ruwan ɗumi ba ya warkar da nasa.

In ka ce in fitar da mutum ɗaya, Ryan zan ɗauka, domin ya haɗa biyun. Yana da gudun 'yan yau, yana da juriyar mutanen da. A wani wasa a 1974 jifa 235 ya yi a dare ɗaya. Ya yi kaka 27, sau 5,714 ya sallami mai kulki da ya kasa bugun jifansa, kuma ita jijiyar ba ta tsinke masa ba sai a wasansa na ƙarshe, a 1993, yana da shekara 46. Don haka in an zauna a rumfa ka ce wa Kawu ya yi gaskiya a kan mutumin babur, da Feller zai dawo yau da babu ƙungiyar da ba za ta yi rububinsa ba. Shi kuma ya yarda maka cewa abokan wasan Feller, in aka ɗebe 'yan kaɗan, ba za su kamo 'yan yau ba.

Batun auna naku jifan, wayar da ke hannunka ta isa. Ku ari tef wurin magina ku auna mita 18 daga inda hannun mai jifa zai saki ƙwallo zuwa inda za ku rataye tsohuwar tabarma ko buhu. Kada ku yi a jikin katangar mutane, kuma a kawar da yara daga bayan tabarmar. Ƙwallon tanis ta yi, busasshiyar goruba ma ta yi. Mai ɗaukar bidiyo ya tsaya a gefe, da nisa, yadda zai kama mai jifa da tabarmar a lokaci guda ba tare da ya motsa wayar ba. Yawancin wayoyi hoto 30 suke ɗauka a sakan ɗaya, ka duba saitin taka ka tabbatar. Da manhajar gyaran bidiyo sai ka riƙa matsawa hoto ɗaya-ɗaya, ka ƙirga daga sakin ƙwallo zuwa bugun tabarma. Abin da ka samu ka raba 1,944 da shi, amsar ita ce kilomita a awa. In hoto 24 ne, kilomita 81 ke nan. In 20 ne, 97. Waɗanda kake kallo a waya hoto 12 ko 13 ke isarsu. Wannan matsakaicin gudun tafiyar ne gaba ɗaya, don haka ka ƙara kamar kashi 5 cikin 100 don ka cika mudu, in kuma mil kake so ka raba da 1.6.

Kowa ya fara ɗumama jiki, a yi ɗan gudu, a juya kafaɗa, a yi jifa mai laushi kamar 20 kafin na gaske. Na gasken kada ya wuce 10 ga mutum ɗaya a rana, wanda kuma ya ji zafi a cikin gwiwar hannu ya tsaya nan take, ko ana yi masa kirari. Kawu shi zai riƙe tef ya zama alƙali. In kun gama ka rubuto min lambar da ta fi girma, da shekarun mai ita, da sana'ar da yake yi.